Wa Ya Riƙe Sunan Ɗan Amshi?

Kawuna tsohon soja ne. A ƙasar Zuru wannan ba abin ba da labari ba ne, don da wuya ka shiga gida uku a jere ba ka tarar da hoton wani da kakin soja a rataye a bango ba. Yana cikin dakarun Najeriya da aka tura Labanon aikin kiyaye zaman lafiya, kuma da ya dawo a 1982 ya zo da akwatin ƙarfe, da bargo, da rediyo mai kaset, da wani kaset guda da ya fi ƙauna fiye da duk sauran tsarabar. Bayan la'asar sai ya fito da kujerarsa gindin mangwaro, ya lasa batir ya ji ko da saura, ya sa kaset ɗin. Mu yara ba ma jin Turanci. Abin da kunnenmu ke kamawa shi ne wata irin hayaniyar jama'a kamar ruwan Agusta a kan rufin kwano, sai ta lafa, sai muryoyi biyu su taso su manne da juna har ka rasa ta wa ke sama ta wa ke ƙasa. Ranar da na tambaye shi ko tagwaye ne, dariya ya yi har da buga ƙafa. Ya ce, "Ɗana, waɗannan da kake ji, ko ga-maciji ba sa yi da juna."

Paul Simon da Art Garfunkel ke nan, kaset ɗin kuwa na wasan da suka yi ne a gandun shaƙatawa na Central Park da ke birnin Niyok, ranar 19 ga Satumba, 1981, bayan shekara 11 da rabuwarsu. Na daɗe ina juya maganar kawuna a raina, kuma na ga akwai abin da wannan faifai yake faɗa mana mu a nan gida, game da makaɗanmu da yadda muke riƙon su.

Su biyun sa'o'in juna ne, duk haihuwar 1941, unguwa ɗaya suka tashi a Queens, makaranta ɗaya suka yi. Suna 'yan shekara 16 suka fitar da waƙar farko da ta karɓu, a 1957, da sunan aro na Tom da Jerry. Tun a nan aka shuka abin da zai dame su har tsufa: Simon ya zagaya ya ɗauki wata waƙa shi kaɗai bai gaya wa abokinsa ba, shi kuwa Garfunkel ya ƙullace shi. Faifansu na 1964 bai yi kasuwa ba, kowa ya kama gabansa, Simon ya tafi Ingila yana waƙa a ƙananan wurare. Sai wani mai haɗa sauti, Tom Wilson, ya ɗauki ɗaya daga cikin waƙoƙin, wadda jita ce kawai da murya, ya ɗora mata ganguna da jita mai lantarki ba tare da saninsu ba. A farkon 1966 ta zama ta ɗaya a Amurka. Wannan gauraye na waƙar gargajiyar Turawa da kayan kiɗan lantarki shi ne salon da aka san su da shi, kuma abin dariyar shi ne ba su ne suka zaɓe shi ba.

Rabon aikinsu a fili yake. Simon, gajere, shi ke tsara waƙa, shi ke kaɗa jita. Garfunkel, dogo mai tulin suma, ba kasafai yake rubuta waƙa ba; yakan tsaya ne hannu a aljihu ya ɗora siririyar muryarsa a kan ta abokinsa. Da a Maradun ko Isa aka haife shi, ɗan amshi za a kira shi. Bambancin kawai, nasa sunan yana jikin faifai, daidai girman na jagora.

A 1969 Garfunkel ya tafi Mekziko wasan fim, ya bar Simon da aikin faifai wata da watanni. Da faifan ya fito a Janairun 1970, babbar waƙar cikinsa, "Bridge over Troubled Water", Simon ne ya tsara ta amma Garfunkel ne ya rera. Simon da bakinsa ya faɗa daga baya cewa yakan koma gefen dandamali yana kallon jama'a na yi wa abokinsa tafi, zuciyarsa na raya masa cewa ai waƙarsa ce. Shi ma ɗayan yana da nasa ciwon: kullum shi ne wanda za a iya sallama. A shekarar, suna kan ganiyarsu, suka rabu.

To me ya dawo da su? Kada mu yi wa rogo kallon kitse. Birnin Niyok ya kusa tsiyacewa a tsakiyar shekarun 1970, gandun ya lalace, hukuma na neman abin da zai jawo kuɗin gyara da hankalin jama'a. Simon aka fara tuntuɓa, shi kuwa fim ɗin da ya yi a 1980 bai kai labari ba. Garfunkel ma kasuwarsa ta ja baya. Kowa na buƙatar kowa. Makonnin da suka yi suna gwaji cike suke da gardama: Garfunkel na son a yi yadda aka saba, murya biyu da jita ɗaya, Simon na son cikakkiyar ƙungiya. Simon ne ya yi rinjaye, makaɗa 11 suka hau tare da su. Kyauta aka shiga, magajin gari Ed Koch ne ya gabatar da su, kuma an ce mutum 500,000 ne suka hallara. Wannan adadi ni ina ɗaukarsa da taka-tsantsan, don da hukumar gandun ta fara ƙirga mutane ɗaya bayan ɗaya a wasannin da aka yi daga baya, an ga filin ba ya cin ko kusa da haka. Amma ko an rage, taron ya yi taro.

Akwai abin da kawuna bai taɓa ji ba a kaset ɗinsa. Simon na cikin wata sabuwar waƙa da ta taɓo kisan John Lennon, wanda aka harbe a bakin wannan gandu wata tara kacal kafin ranar, sai wani mutum ya haura dandamali a guje ya nufo shi. Masu tsaro suka riƙe shi, Simon ya ƙarasa waƙarsa. Hoton bidiyon ya ajiye abin, faifan da ya fito a Fabrairun 1982 kuwa an cire waƙar daga cikinsa. Darasin farko ke nan ga mai sauraron irin wannan faifai: abin da ya iso kunnenka an tankaɗe shi, an bushe dusar.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. Faifan ya sayu, suka zagaya duniya a 1982 da 1983, suka shiga ɗakin ɗaukar sauti don yin sabon kundi tare. Rigima ta dawo sabuwa. Simon ya yanke cewa waƙoƙin sun shafi rayuwarsa shi kaɗai, ya sa aka goge muryar Garfunkel daga kan tef, kundin ya fito a ƙarshen 1983 da sunan mutum ɗaya. Ka tsaya ka kalli wannan: mutum ya zo, ya tsaya gaban makirfo, ya zuba muryarsa, wani ya danna maɓalli ta ɓace. A 1991 Simon ya koma Central Park ya cika shi da jama'a, ba tare da abokin nasa ba. Sun sake haɗuwa a 2003 bayan an ba su lambar girmamawa ta Grammy, aka sake ɗaukar wani faifan, suka yi wasa a gaban tsohon filin Kolosiyam na birnin Rum a 2004, sannan a 2010 muryar Garfunkel ta samu matsala, abin ya tsaya.

Ba su kaɗai ba ne. Don da Phil Everly, wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda Simon da Garfunkel suka koyi haɗa murya daga faya-fayansu, a kan dandamali suka rabu a 1973, Phil ya rotsa jitarsa ya fice ya bar ɗan'uwansa da jama'a. Shekara 10 cif kafin su sake tsayawa tare a zauren Royal Albert Hall na Landan a Satumban 1983, shi ma aka ɗauka a faifai. Zo mu zauna, zo mu saɓa, ko a ina ne.

Abin da nake so in ce shi ne wannan. Faifan haɗuwa ba shaidar sulhu ba ne, kuma ba sai an yi sulhu yake yin daraja ba. Darajarsa ita ce ya tabbatar da abin da jagora ba ya son amsawa: cewa akwai wani amo da ba ya fitowa sai da mutum na biyu. Simon ya yi manyan ayyuka shi kaɗai, har kundinsa na 1986 da ya yi da makaɗan Afirka ta Kudu, wanda ɗan Najeriya Demola Adepoju na ƙungiyar Sunny Ade ya kaɗa jita a ciki. Duk da haka, abin da ya sa tsohon soja a Zuru ya riƙa ƙarar da kuɗin fanshonsa a sayen batir, waccan murya ta biyu ce. Kuma mun san sunan mai ita ne kawai don an buga shi a jikin kwali.

Mu dawo gida. Kiɗan Hausa, in ka ɗebe irin su Ɗan Maraya Jos da ya rayu ya mutu a 2015 shi da kuntiginsa, ba aikin mutum ɗaya ba ne. Saurari Narambaɗa ko Ɗanƙwairo da kunnen basira. Jagora zai ɗauko ɗan waƙa ya kai shi rabi ya sake, 'yan amshi su cafe, su yi ƙari, su kai shi gaɓa, su dire a kan gindin waƙa tare da kotso kamar ƙafa ɗaya ce ta taka. Sau da yawa kalmomin da suka fi zama a bakin mutane daga bakin 'yan amshi suka fito. A gidan Shata tsarin daban ne, shi ke zuba ɗiya su kuma su riƙe gindi, amma cire kalangu da amshin ka ji abin da zai rage. Yanzu ka tambayi mutum goma masu tinƙahon sun haddace Bakandamiya su kawo maka sunan mutum biyu da suka yi wa Narambaɗa amshi a cikinta. Na gwada wannan a majalisarmu, wajen mai shayi, cikin malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Aka yi tsit, sai wani ya ce, "Ai yaransa ne." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin mamaki, sunan da ya fi kowane girma a kiɗan fada sunan yaron gida ne. Masu tarihin Alhaji Musa Ɗanƙwairo sun ce mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, yana da wani bara mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo, da Musa ya fara buɗe baki sai aka ce ga ɗan Ƙwairo an samu. Shi kansa Musa ya daɗe yana amshi, a bayan mahaifinsa, sannan a bayan yayansa Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar har rasuwarsa a 1991. Ke nan duk wanda ya ambaci Ɗanƙwairo ya ambaci wancan bawan Allah, amma ko daƙiƙa ɗaya ta muryarsa ba mu da ita.

Na san abin da za a ce mini, kuma maganar tana da ƙafa. Za a ce amshi makaranta ce, ba matsayin dindindin ba. Ɗan amshin yau shi ne jagoran gobe, kamar yadda Sani Aliyu Ɗandawo na maƙwabtanmu Yawuri ya tashi a gidan kiɗan mahaifinsa. Za a ce ubangida shi ke ciyarwa, shi ke tufatarwa, shi ke yi wa yaransa aure, wani har kujerar Makka, kuma ƙungiya tana da sarautunta irin su Daudun Kiɗi da ke nuna ana girmama na baya. Gaskiya ne. Amma wannan tsari an gina shi ne don zamanin da waƙa ke rayuwa a ƙofar fada da dandalin biki, inda kowa ke ganin fuskar mai amshi, ya san gidansu, ya san ubansa. Da waƙa ta koma cikin tef, fuskokin suka ɓace, suna ɗaya ya saura a jikin kaset. Gidan Rediyon Kaduna da Rima Rediyo sun yi wa Arewa babban aiki da suka ɗauki waɗannan makaɗa, kuma ba don Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya bi su gida-gida ya rubuta Makaɗa da Mawaƙan Hausa ba, da abin da za mu sani game da mutanen bayan jagora bai taka kara ya karya ba. Ko a waƙoƙin fim na yau cutar ba ta warke ba. Mata irin su Fati Nijar sun yi ƙoƙari sun fito da sunansu, amma je wurin masu tura waƙa a waya ka duba: waƙar mutum biyu ce, namiji da mace, sunan namijin kaɗai ke jiki.

Idan haka abin yake ga kiɗan Hausa mai gidajen rediyo da farfesoshi, ina ga na Lelna, da Fakkawa, da Dukkawa, da Kambari, da sauran al'ummun masarautar Zuru? Waƙoƙin da samari ke yi a gonar surukai lokacin golmo, da na kokawa, da na Uhola bayan an kawar da amfanin gona, duk na ɗauka-in-amsa ne, wani ya jefa wasu su karɓa. Haka waƙoƙin zumuntar mata a coci-cocinmu, da na 'yan mata a dandali. Marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya rasu a Agustan 2025, ya yi ƙoƙari wajen fito da Uhola idon duniya, kuma duk shekarar da aka yi bikin za ka ga wayoyi sama kamar an shuka su. Ɗauka kam ana yi. Amma me ake ɗauka? Daƙiƙa 40 ta rawa, iska na bugun makirfo, kan wani ya tare rabin hoton. Na taɓa zama a shagon cajin waya a cikin kasuwa ina jiran tawa, na ce wa yaron shagon ya nuna mini abin da yake da shi na gida. Ya buɗe kwamfuta, ga jeri: Uhola 1, Uhola 2, Uhola sabo. Na ce, "Wane ne wannan dattijon mai jan waƙar?" Ya ce, "Wallahi Baba, haka aka turo mini."

Ni ma ina da nawa laifin, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. A ƙauyen kakannina akwai wasu dattawa biyu da suka yi shekara da shekaru suna kiɗa tare, ɗaya na jan waƙa, ɗaya na amsawa yana riƙe da ganga. Rabon kuɗin wani biki ya raba su tun ina saurayi. Mai ja ya ce shi aka gayyata, mai amsawa ya ce da hannunsa aka tara kuɗin. Daga nan ko a jana'iza suka haɗu kowa gefensa yake zama. Sai bikin wata jika da ta haɗa su ta wajen uwa da uba ya taso, tsofaffin mata suka sa su a gaba da magiya da gori har suka yarda. Na ga abin da idona. Ba su gaisa ba. Mai gangar ya zauna ya juya wa abokinsa kafaɗa, yana ɗaure tsarkiya kamar ba da shi ake ba. Mai ja ya yi gyaran murya ya jefa ɗan waƙa na farko, muryar ta tsufa, tana rawa. Kafin ta faɗi ƙasa ɗayan ya tare ta, daidai inda ya saba tarewa shekara 20 da suka wuce, bai ko ɗaga kai ba. Wata tsohuwa kusa da ni ta rangaɗa guɗa, sannan ta sa gefen zane ta rufe fuska. Sun yi kusan awa ɗaya. Da aka gama kowa ya karɓi nasa a hannunsa, don an riga an yi sharaɗi kada a haɗa musu kuɗi a faranti ɗaya, kowa ya bi hanyarsa.

Na ɗauka a wayata, tun daga farko har ƙarshe. Na ce zan juye a kwamfuta, yau ne gobe ne, har wayar ta faɗa ruwa da damina, mai gyara ya ce sai haƙuri. Mai gangar ya rasu bayan shekara biyu. Kaset ɗin kawuna kuwa, wanda aka yi a wata nahiya, ko yau na so sauraronsa zan same shi a intanet cikin minti ɗaya, da sunan kowane makaɗi daga cikin 11 ɗin nan, da wanda ya haɗa sautin.

Wani zai ce su suna da kuɗi da kamfanoni. To, amma abin da ya rage mana ba na kuɗi ba ne sosai. Wayar da ke aljihunka ta fi na'urar da aka ɗauki Narambaɗa da ita kyawun sauti nesa ba kusa ba. Abin da babu shi ne a zauna da niyya: a samu ɗaki ko inuwa marar iska, a ajiye wayar a kan turmi kusa da masu waƙa, a bar su su kai ƙarshe, kafin a fara kowa ya faɗi sunansa da na ubansa da garinsu da wanda ya koya masa, sannan a ajiye kwafi a wuri uku. Kuma kada a jira sai an sasanta masu gaba. Mun cika son mu ga an rungumi juna kafin mu yarda an haɗu. Simon da Garfunkel sun yi gardama kafin wasan, suka ci gaba da ita bayansa, faifan kuma yana nan. In dattawa biyu sun yarda su zauna tabarma ɗaya na awa guda, ko da kowa na kallon gabas da yamma, a ɗauka. Sulhu na Allah ne da tsofaffin mata.

Akwai kuma gaggawa da ba ta buƙatar dogon bayani ga duk mai dangi a Danko-Wasagu ko Sakaba. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka, mutanen da suka yi rayuwarsu a unguwa ɗaya yau wani yana Zuru, wani Ribah, wani ya tsallaka jihar Neja. Ƙungiyar kiɗa ba ta jure irin wannan warwatsuwa. Inda a da rigimar kuɗi ke raba jagora da ɗan amshinsa, yanzu gudun hijira ke raba su, ba tare da ko sun yi faɗa ba.

Don haka kirana ga Majalisar Masarautar Zuru da masu shirya Uhola: a ware rana ɗaya kafin biki ko bayansa, ba ta rawa da manyan baƙi ba, a nemo tsofaffin da suka taɓa kiɗa tare a kowace gunduma, a biya musu kuɗin mota, a ɗauke su da kyau, a rubuta sunan kowa har mai riƙe ƙaho, a ba kowa hakkinsa a hannunsa. Gidan rediyon jihar Kebbi yana da na'urori da ma'aikatan da suka san aikin, Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru tana da ɗalibai 'yan ƙasa masu jin harsunan da ɗakin karatu da za a ajiye. Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan dattijo a gidanku, kada ka yi irin tawa. Je ka wannan makon, ka tambaye shi wa yake yi masa amshi, kuma yana raye ko ya rasu.